Lantana da Madanni Na Shida

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku karɓa.

Ta zo mu ji ta, Inna, mun baza kunne.

To a kife wayoyin nan a kan tabarma tukuna.

Wai a wani gari an yi maƙera guda biyu. Ba garma suke ƙerawa ba, ba lauje ba. Akwatin wasa suke yi, irin wanda ake jona wa talabijin, a kama mariƙinsa da hannu biyu a yi ta danne-danne, ɗan mutumin da ke cikin gilashi ya yi ta gudu da tsalle. Ɗaya sunansa Nomau, akwatinsa ja. Ɗaya sunansa Cindo, akwatinsa shuɗi. Rumfar Nomau na gabas da kasuwa, ta Cindo na yamma.

Sai gari ya rabu biyu, 'yan ja da 'yan shuɗi. Ɗan ja ba ya aski wurin wanzami ɗan shuɗi. Ɗan shuɗi ba ya shan shayin ɗan ja, ko da an cika masa madara. Har liman ya yi huɗuba a kan abin ranar Juma'a. Da aka fito, sai mutane suka tsaya a bakin masallaci suna tambayar juna: "Shi liman ɗin, wane launi ne a gidansa?"

A garin akwai wata mata, Lantana. Mace ce mai kamun kai, 'ya'yanta biyar, salla ba ta wuce ta. Jan akwati ne a gidanta. Ba ita ta zaɓa ba. Maigidanta ne ya kawo wa yara, shi ma don rumfar Nomau ta fi kusa da inda yake jingine kekensa.

Wata rana yara sun tafi makaranta, tana goge ƙura, sai yatsanta ya taɓa madanni. Sai ɗan mutumin ya yi tsalle. Ta sake taɓawa. Ya sake tsalle.

Ta ce, "Ikon Allah! Kai ɗan nan, ni kake yi wa biyayya haka? Waɗanda na haifa ma sai na kira su sau uku."

Sai ta zauna, wai minti ɗaya. Ranar wake ya ƙone har ƙasan tukunya. Ta yi istigfari, ta kankare tukunya, washegari ta koma. Kuma ba iyawa ta yi ba. Kullum ɗan mutumin nata a rami yake ƙarewa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa cin wasa ba. Amma in ana musu a kan akwati a gidan suna, muryarta ake fara ji tun daga zaure.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da aminiyarta Dela. Shekara ashirin suna ciyayya: kowace ta sauke tuwo, sai ta zuba wa 'yar'uwarta kwano ta miƙa ta saman katanga. Dela ce ta yanke cibiyar 'ya'yan Lantana uku. Lantana ce ta yi jinyar uwar Dela har Allah ya karɓi abarsa. To amma shuɗin akwati ne a gidan Dela.

Ana nan, ana nan, sai Nomau ya fito da sabon mariƙi mai rawar jiki. In ɗan mutuminka ya faɗi, sai mariƙin ya kama karkarwa a hannunka kamar mai zazzaɓi. 'Yan ja suka yi ta murna. Ba a yi kasuwa biyu ba, sai ga mariƙin Cindo shi ma yana karkarwa.

Sai Lantana ta taka turmi ta leƙa katanga.

"Ƙawata, sannu da gida. Na ji naku ma ya kamu da zazzaɓin. A ina ya ɗauko?"

Dela ta ce, "Namu ya fi naku iya rawa."

"Ai dole. Wanda ya tsaya ya kalli mai rawa sati biyu, ya ƙi iyawa?"

Dela ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da yamma kwano ya haura katanga kamar kullum. Lantana ta buɗe, ta juya miya, ba ta ga nama ba.

Ana nan, sai Nomau ya cire igiyar da ke haɗa mariƙi da akwati. Kana iya zama a bakin ƙofa kana wasa kana korar kaji. Ba a yi kasuwa biyu ba, sai Cindo ya cire tasa igiyar.

Sai Lantana ta sake hawa turmi.

"Ƙawata, ina igiyarku? Ɓera ya cinye?"

Dela ta ce, "Cindo ya daɗe da wannan tunanin a ransa. Riga shi fitarwa kawai aka yi."

"A ransa! Mu namu a hannu yake. Nomau bai taɓa kwaikwayon kowa ba, kuma ba zai taɓa ba. Ku 'yan shuɗi kuwa kwaikwayo a jininku yake."

"Lantana, ki iya bakinki."

Da ta sauka daga turmin nan a lokacin, da shi ke nan. Amma daɗin magana ya kwashe ta. Ku kun san mu manya, in baki ya ɗau zafi, ba ma jin kira.

Ta ce, "Ƙarya na yi? Ita miyar kukar da kike taƙama da ita, ba tawa kika kwaikwaya ba?"

Dela ta dube ta. Ta tattara shanyarta ta shige ɗaki. Ranar kwano bai haura ba. Washegari ma haka. Lantana ta zuba nata ta ɗora a kan katanga don kada a ce ita ta fara yankewa. Kwanon ya yini a nan, har hankaka ya zo ya buɗe murfin.

Ta ce a ranta, "Ta huce ta zo ta same ni. Ni ke da gaskiya."

Ana nan, sai wannan karon Cindo ya riga fitowa da sabon abu. Ku san cewa shi Cindo da yatsu shida aka haife shi a hannun dama. To sai ga sabon mariƙinsa da madanni na shida, can ƙasa ta gefe, inda yatsan mutum bai saba zuwa ba. 'Yan shuɗi suka cika kasuwa da guɗa. Ba a yi kasuwa biyu ba, sai ga jan mariƙi shi ma da madanni na shida, a daidai wurin, ko tsinke bai goce ba.

Da safe Lantana tana shara, sai ta ji muryar Dela ta bayan katanga. Ba da ita take ba, da kazarta take.

"Ke kaza, zo ki ji labari. Wai mai yatsu biyar ya yi madanni shida. Kuma wai bai taɓa kwaikwayon kowa ba."

Lantana ta jefar da tsintsiya, ta juya wajen akuyarta.

"Ke akuya, gaya wa masu kiwon kaji, Nomau a mafarki ya ga madannin nan tun bara. Kuma don masu yatsu biyar ya yi shi."

"Ke kaza, ce wa akuya ta danna mu gani."

Sai Lantana ta shiga ɗaki ta ɗauko mariƙi. Ta miƙa ƙaramin yatsa, bai kai ba. Ta sunkuya ta gwada da haɓa, mariƙin ya suɓuce ya faɗi a kan ƙafarta. Ta ɗauka, ta ce bismillah, ta banƙare ƙaramin yatsan da dukkan ƙarfinta. Sai ji ta yi ƙas!

Aka kai ta wurin mai ɗori. Ya duba hannun, ya ce karaya ce. Yana ja tana salati.

Ya ce, "Ke ce ta goma sha ɗaya yau. Ja ko shuɗi?"

Ta ce, "Ja," tana share hawaye da gefen mayafi. Har da ɗaga kai ta faɗe shi.

Aka naɗe hannun dama da tsumma. Ba dama ta riƙe muciya. Da can in ciwo ya kama ta, kafin ta yi magana Dela ta shigo ta karɓi tukunya. Yanzu kuwa maigida ne ya tuƙa tuwo. Yara suka duba, suka ce sun ƙoshi. Kwana uku gidan na shan gari da ruwa. Lantana na zaune a gindin katanga, ba motsin kowa a wancan gefen sai na kaza, kewar Dela na cin ta, girman kai kuma ya riƙe mata ƙafa.

Sai ta yi dabara. Ta ce, "Bari in je wurin Nomau da kaina. In ya faɗa da bakinsa cewa shi ya fara, Dela ce za ta zo ta ba ni haƙuri, mu koma yadda muke."

Ta yafa jan mayafi, ta sa jan takalmi, ta nufi gabas da kasuwa. A hanya tana ta shirya yadda Nomau zai miƙe tsaye in ya ji sunanta.

Ta yi sallama. Ta tarar da wani ɗan tsamurmurin mutum da tabarau ɗaure da zare, yana cin gyaɗa. A gabansa ga shuɗin akwati an farke cikinsa, an baje kayan a kan faranti.

"Malam Nomau?"

"Ni ne, baiwar Allah. In gyara ne sai jibi."

"Ni ce Lantana."

"Madalla. Ta gidan wa?"

Ta haɗiye wannan. Ta ce, "Malam, don Allah, madannin nan na shida, wa ya fara yin sa?"

"Cindo mana."

"To kai me ya sa ka yi?"

"Mutanenku ne suka cika min rumfa. Wai yaya na shuɗi ke da shida, namu biyar. Suka hana ni cin abinci. Sai na sa."

"To in an danna, me yake yi?"

Nomau ya watsa gyaɗa a baki. Ya ce, "Ba ya yin komai. Na buɗe nasa, ban ga waya a ƙarƙashi ba. Na ce wata sabuwar dabara ce da ta fi ƙarfin kaina. Sai na liƙa nawa haka nan."

Lantana ta dafa bango da hannu mai lafiya.

"Amma dai mariƙi mai rawa, wannan basirarka ce?"

"Wannan? Wata waya ce ta kwance a ciki, abu ya kama karkarwa. Ina shirin gyarawa kuka ce kuna so."

Ta ɗaga masa naɗaɗɗen hannu. "Malam, ka ga yatsana. Kuma aminiyata ta shekara ashirin na ɓata da ita saboda kai."

Ya gyara tabarau ya duba. Ya ce, "Allah sarki. Allah ya ba da lafiya. Amma baiwar Allah, ni na aike ki?"

Ba ta san lokacin da ta fito ba. Ta dawo gida, ta yi alwala da hannu ɗaya, ta yi la'asar. Ta daɗe a kan sallaya. Sannan ta tashi. Ba ta hau turmi ba. Ta fita ta ƙofa, ta zaga, ta tsaya a zauren Dela.

"Salamu alaikum." Shiru.

"Salamu alaikum." Kaza ce ta amsa.

"Dela, salamu alaikum. Amsa sallama dai wajibi ne, ko ta 'yar ja ce."

Daga ciki aka ce, "Wa alaikumus salam. Shigo."

Ta shiga. Ga Dela zaune a gaban murhu, ruwan tuwo na tafasa, tana kallon sa kawai. Hannunta na dama naɗe da tsumma.

Suka dubi hannuwan juna.

Dela ta ce, "Ni ce ta goma sha biyu. Ina shiga, mai ɗori ya ce yanzu kika fita."

Lantana ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Na je wurin Nomau. Kwaikwaya ya yi. Kuma madannin ba ya yin komai."

"Ni ma na je wurin Cindo jiya."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba madanni ba ne. Yatsansa na shida ne ke gajiya da reto in yana gwada wasa. Sai ya yi masa ɗan matashi ya riƙa kwantawa."

"Matashi?"

"Matashi, Lantana. A kan matashin yatsan wani muka karya namu."

Sai dariya ta kama su. Suka yi ta yi har hawaye, kowace na riƙe da hannunta tana cewa wayyo. Da dariyar ta lafa, Lantana ta sunkuyar da kai.

"Ƙawata, ki yafe min. Maganar miyar nan ƙarya na yi. A wurin Innarki na koya, lokacin da nake jinyar ta. Tana kwance tana gaya min yadda ake soya daddawa kafin a zuba ruwa."

Dela ta ce, "Na sani. Ina bakin ƙofa ranar. Ita ma wurin wata Banufiya ta samo, a gidan biki. Na yafe. Tashi, ruwan nan zai ƙone, yarana kwana uku ba su ga tuwo ba."

Sai Dela ta danne tukunya da hannun hagu. Lantana ta kama muciya da nata hagun. Wannan na cewa ja nan, waccan na cewa ke riƙe sosai. Tuwo ya fito da gudaji manya-manya kamar ƙwan zabo. Gida biyu suka haɗu a tabarma ɗaya suka cinye shi tas, har ana rigimar ƙanzo.

Ƙurunƙus! Kan kusu ne wannan, na jefa shi bayan murhu.

Ku ji, yara. Ku so abin wasanku, ba laifi. Amma wanda ya ƙera shi bai san sunanku ba, ranar da hannu ya ƙi kuwa, na bayan katanga ne zai riƙe muku tukunya. Kuma duk wanda ya sake tambaya ta me ya karkatar min da ƙaramin yatsa, gobe babu tatsuniya. Ku tashi a yi addu'a.