Kututturen da Yaya Ya Ture

Akwai wani manomi, 'yan uwa masu bibiyar shafin nan, da ake yi wa laƙabi da Sauri, don ko shayi ba ya jira ya huce. Shi da ƙanensa suka gaji wata tsohuwar tarakta wadda sai an lallaɓa ta take tashi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka, tayar baya ta fara gurnani tana rawa. Ƙanen ya duba, ya ce boris ɗin da tayar ke juyawa a kai ya cinye, sai an sa sabo.

Suka ɗaga taraktar da jak a tsakar gida, suka cire tayar. Ƙanen ya mirgino kututturen itace ya tokare taraktar, saboda ƙasa a jiƙe take, jak kaɗai ba abin yarda ba ne.

Tsohon boris ya kafe, ya ƙi fita. Sauri ya kwanta a ƙarƙashi yana dukansa da guduma, amma kututturen yana tare masa hannu. Ga maƙwabta suna ta wucewa gona, ransa sai ƙara ɓaci yake.

"Kai, janye min itacen nan!"

"Yaya, yi haƙuri in kawo wuta mu gasa boris ɗin. In ya ji zafi zai saki da kansa."

"Sai ƙasa ta bushe muna nan muna gashi? Ko kai ka haife ni?"

Ƙanen ya tafi ɗebo garwashi. Yana juya baya, Sauri ya sa ƙafa ya ture kututturen, ya ci gaba da duka. Kowane duka, jak yana ƙara nutsewa cikin laka, shi kuwa bai lura ba.

Ƙanen ya dawo ya tarar taraktar ta karkata kan ƙirjin yayansa. Ya watsar da garwashin.

"Yaya, fito!"

Ina, lokaci ya ƙure. Ƙanen ya faɗa kan kututturen ya cusa shi ƙarƙashin taraktar da hannu biyu. Jak ya zame, ƙarfen taraktar ya faɗo kan itacen, hannunsa na dama yana tsakani.

Sauri ya fito ko ƙwarzane babu. Ƙanen kuwa, a asibiti aka yanke masa yatsun hannun. Wallahi wannan wurin shi ke ba ni tausayi: da ya farfaɗo, abin da ya fara faɗa shi ne, "Yaya, ba ka ji ciwo ba dai ko?"

Sauri ya durƙusa a bakin gadon yana kuka kamar yaro.

Darasi: Gaggawarka ba kai kaɗai take cutarwa ba, sau da yawa mai ƙaunarka ne zai ɗanɗana kuɗarta. In an ce ka dakata, ka dakata, ko da ƙanenka ne ya faɗa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu aiki a ƙarƙashin inji.