Mutumin da Ya Cire Batir Ranar Kai Amarya

Akwai wani maigida wanda matarsa ta kwanta ciwon ajali. Da ta ga ba za ta kai bikin 'yarsu ba, sai ta karɓi wayarsa, ta ɗauki muryarta tana yi wa yarinyar faɗan da uwa kan yi wa amarya, ta sa mata albarka. Ta ce, "Kada kowa ya ji sai ranar da za a kai ta." Ya riƙe amana, ko shi bai taɓa saurara ba.

Ranar biki, da aka dawo daga coci, wayar ta nemi a sabunta manhajarta. Ya yi dariya ya ce, "Kowa ya sa sabon kaya yau, ke ma sa naki." Ya danna. Sai ga ɗan layi yana jan ciki kamar hawainiya, an rubuta kada a kashe. Ashe killace abin da ke cikinta take yi tukuna.

Motar amarya ta iso, mata suna guɗa. Ƙanin marigayiya ya leƙo ya ce, "Yaya, jinyar waya ka zauna yi? Cire batir ka mayar mana! Haka nake wa rediyona, nan take yake shiga hankalinsa."

Ya cire, ya mayar. Baƙi ƙirin! Ya ruga wurin mai gyara. Mai gyara ya duba ya ce, "Za ta tashi, Baba, amma wayam. Komai ya tafi."

Ya komo ya iske amarya durƙushe a tsakar gida cikin lulluɓi. Ta ce, "Baba, na shirya. Sa mini Mama."

Haka aka kai ta, ba ta ji ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ku buɗe kunne, ba zan maimaita ba. Wayar nan zuciyarku ce, mai sabuntawa kuwa Ubangiji ne. Duk wanda ya taɓa gyaran rumbu ya san sai an kwashe hatsi kafin a taɓa bango. In Allah ya jinkirta muku, kayanku yake kwashewa kada su lalace. Amma ku, ku yi addu'a da safe, kafin rana ta take kun ce bai ji ba, kun nemi shawarar mai rediyo. Ku kama hannunku! Motar nan ai za ta iya jira, ba inda za ta. Muryar uwa kuwa ba a sayar da ita a kasuwa.