Saƙo Tara da Mama Ta Goge

Akwai wani matuƙin ƙaramin jirgi da ke kai magunguna asibitocin ƙauye, can inda waya ba ta kamawa. A wurin aiki Kyaftin ne, a gida kuwa Auta.

Mahaifiyarsa tana fama da hawan jini. Duk ranar da ya tashi, takan zauna a kujerar falo da ƙaramar wayarta a cinya, ba ci ba sha, har sai ya sauka ya kira. Shekara shida suna haka, duk sun gaji.

Sai ya yanke shawarar sayen na'urar tura saƙo ta tauraron ɗan'adam, wadda ke aiki ko a sama ko a dokar daji. Mako uku yana bincike: wacce ta fi riƙe caji, wacce ta fi jure faɗuwa, wacce ta fi taswira mai kyau. Abokan aiki har sun fara gudunsa.

Da ya sayo, ya kai rumfar gyara yana nuna wa tsohon makanikensu. Tsohon ya goge hannu, ya juya ta.

"Ta yi kyau, Kyaftin. Ka gwada ta da wayar Mama?"

"Baba, na gwada da tawa, sau biyar."

"Ai ba kai ne mai jira ba."

Kyaftin ya yi dariya. "Baba, ku dai bar mu da kayan zamani, ku ji da baƙin mai."

Tsohon ya koma kan injinsa.

A gida ma abin da ya ce kawai shi ne, "Mama, daga yau kin huta." Bai zauna ya nuna mata komai ba, barci yake ji.

Bayan kwana goma hadari ya tare shi a hanya. Ya sauka lafiya a wani tsohon fili cikin daji, amma tayar jirgin ta nutse a laka. Ya sanar da ofis, sannan ya tura wa Mama: "Ina lafiya, kada ki damu." Kwana biyu yana can, saƙo tara ya tura mata. Hankalinsa kwance, har yana yaba wa kansa. Ofis ma ba su kira gida ba, don ya ce musu ya riga ya sanar.

Abin da bai sani ba, saƙon na'urar yana shiga ne da wata doguwar lamba ta ƙasar waje, da jerin alƙaluma a ƙasansa. Kuma shi da bakinsa ya sha ja mata kunne: duk baƙuwar lambar da ta gani 'yan damfara ne, ta goge, kada ma ta buɗe.

Baiwar Allah ta bi umarnin ɗanta. Duk wanda ya shigo sai ta goge, tana tsaki, tana cewa su bar mata waya Auta zai kira.

A rana ta biyu yayarsa ta zo ta sami Mama yashe a ƙasa kusa da kujera.

Da ya dawo gari ya ji labari, daga filin jirgi asibiti ya wuce, da lakar a takalminsa. Ya tarar hannunta na dama ba ya motsi, magana ma da ƙyar. Yaya ce ta gaya masa yadda aka yi, ba ta ko ɗaga murya ba, ta gaji da kuka.

Ya zauna a bakin gadon. Ya ɗauki wayar Mama, ya adana lambar da sunansa. Aikin bai kai minti ɗaya ba, wallahi wannan ne ya fi ci masa rai. Ya danna na'urar, wayar ta yi ƙara, ya nuna mata.

"Mama, kin gani? Ni ne."

Ta kalle shi, ta ce a hankali, "Yanzu da kake gabana, Auta?"

Darasi: Idan za ka zaɓi abin da zai sada ka da naka, ka fara da wanda ke zaune yana jira, ka gwada tare da shi, ka nuna masa da haƙuri. Kuma kada ka raina tambayar dattijo don hannunsa da baƙin mai. Ku tura wa duk wanda aikinsa tafiya ne, ya zauna da iyayensa yau kafin ya sake fita.