Bijimin da Ya Koma Injin Shara

Akwai wani bawan Allah a garin Isa mai suna Abdulgani, ɗan asalin Tozai. Fataucin albasa da barkono yake yi, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Ba mai kuɗi ba ne, amma Allah ya rufa masa asiri. Ya gina ɗan gidansa, ya shimfiɗa tayil a falo da ɗakuna, ya ɗora sola a rufi, yana kuma kiwon wani farin bijimi a bayan gida.

Matarsa Basira mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. Kafin rana ta fito ta share gida, ta goge ɗakuna, ta turara su. Matan unguwa kan ce falon Basira ko tuwo ya faɗi ƙasa ɗauka za ka yi ka ci.

Wata damina suna dawowa daga biki a Sabon Birni, babur ɗinsu ya zame a laka. Abdulgani ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Basira kuwa ba ta tashi ba.

A Sakkwato aka yi mata aiki a ƙashin baya. Ranar sallama likita ya kira Abdulgani gefe ya ce, “Aiki ya yi kyau, saura naku. Kada ta duƙa, kada ta ɗauki abu mai nauyi, har sai na ce ta warke. In ta yi ganganci, ina tsoron kada ta rasa tafiya baki ɗaya.”

Da suka dawo gida maƙwabta sun yi ƙoƙari. Wannan ta kawo abinci, waccan ta yi wanki. Amma kowa da hidimar gidansa, a hankali ƙafa ta ɗauke. Mahaifiyar Basira ta daɗe da rasuwa, ƙanwarta kuma tana aure can Maraɗi. Ga 'yarsu Lailatu ta fara rarrafe, duk abin da ta tsinta a ƙasa sai baki.

Sai Abdulgani ya ɗauki tsintsiya da kansa. Da ya dawo daga sallar asuba zai share tsakar gida da ɗakuna, sannan ya wuce kasuwa. Amma gidan da ke da ƙaramar yarinya, sharar safe ba ta kai azahar.

Wata rana ya dawo da yamma ya ga falo fes, Basira kuma tana kwance ta juya fuska ga bango, gumi na karyo mata.

Ya ce, “Maman Lailatu, wa ya yi shara?”

Ta ce, “Malam, ƙwarar barkono na ciro daga bakin yarinyar ga. Ya za ni yi? In zuba ido?”

Bai yi mata faɗa ba. Ya fita bayan gida ya tsaya gaban bijiminsa, ya daɗe yana shafa masa tozo, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Da suka koma Sakkwato ganin likita, ya shiga wani babban kanti sayen magani. Yana tsaye sai ya ji wani abu ya taɓa masa ƙafa. Ya yi tsalle gefe yana salati. Wani baƙin abu ne, kewayayye kamar faifai, yana tafiya shi kaɗai a ƙasa yana ɗan gurnani.

Mai kantin ya yi dariya ya ce, “Kwantar da hankalinka, Malam. Injin shara ne. Shi ke share wurin nan ya goge. In cajinsa ya yi ƙasa, da kansa yake komawa mazauninsa.”

Abdulgani ya manta da maganin da ya zo saye. Ya bi abin da kallo, ya ga ya haɗiye wani ɓawon gyaɗa, ya bar danshi mai sheƙi a bayansa. Ya yi ta jero tambayoyi har mai kantin ya gaji. Mutumin bai ɓoye masa komai ba. Ya ce a kan tayil ko siminti mai laushi yake aiki, ba ya iya yashi, kuma sai an riƙa zubar masa da shara ana wanke tsummansa.

A satin nan Abdulgani ya ja bijiminsa zuwa kara ya sayar, ya aika da kuɗin a sayo masa irin injin.

Ranar da injin ya iso, Basira ta zauna a kujera tana kallonsa yana kai da komo. Lailatu ta bi shi da rarrafe tana ƙyalƙyala dariya. Ya shige ƙarƙashin gado, ya fito, ya ci karo da ƙafar kujera, ya ja da baya kamar mai neman gafara. Basira ta yi dariya har da hawaye, dariyar da rabonta da ita tun ranar hatsarin.

Ta ce, “Wanga ai kunkuru ne.” Sunan da ya bi shi ke nan.

Kunkuru dai ba waliyyi ba ne. Ya taɓa haɗiye gezar darduma ya tsaya yana ta surutu da Turanci. Ya taɓa shan igiyar cajar waya. Dokin ƙofa kuwa ya gagare shi hawa, sai da Abdulgani ya sa kafinta ya yi masa ɗan gangare na katako. Tsakar gida ma tana nan a wuyan Abdulgani, tunda yashi ce. Amma cikin ɗaki, inda Lailatu ke rarrafe, da yatsa ɗaya Basira ke danna maɓalli aiki ya gudana.

Labari ya bazu a unguwa. A majalisar da Abdulgani ke zama bayan la'asar akwai wani abokinsa Muzammilu, mai shagon cajin waya, mutum mai kaifin harshe. Abdulgani na isowa sai ya miƙe yana tafi.

“Ku ba shi wuri! Ga wanda ya sai da sa ya sayo murhin tukunya. Abdulgani, in Sallah ta zo shi za ka yanka?”

Majalisa ta kwashe da dariya.

Muzammilu ya ƙara da cewa, “Ni fa na gan shi da idona da asuba, tsintsiya a hannu, shina duƙe awa sabuwar amarya. Wallahi ni ko sama da ƙasa za ta haɗe ba ni shara ina da mata.”

Maganar ta soki Abdulgani har cikin rai. Amma bai rama ba. Ya ce, “Allah shi bar ka da lahiyar iyalinka, Muzammilu.” Ya sha shayinsa ya tashi.

Jarrabawa mafi zafi daga gida ta zo. Yayarsa Laraba, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta taso takanas daga Sabon Birni. Ta iso ba ya nan. Da ya dawo bai ji gurnanin Kunkuru ba. Ya ɗaga kai ya hango shi a saman kabad, an kife shi. Basira kuma tana tsaye ta dafa bango da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da tsintsiya.

Laraba na zaune tana cewa, “Zama shi ka ƙara ciwo. Mu da munka haihu muna daka muna surhe, wane inji munka gani? Har Sabon Birni ana hwaɗin an mallake min ƙane.”

Abdulgani ya taka a hankali ya karɓi tsintsiyar, ya riƙe Basira har ta kwanta. Sannan ya dawo ya durƙusa gaban yayarsa.

Ya ce, “Yaya, ke kika goye ni, ba ni da bakin yi miki musu. Amma likita ya ce in ta duƙa tana iya gurguncewa. In hakan ta hwaru, masu magana a Sabon Birni ba su zuwa su ɗauke ta. Ni za ni ɗauka. Sa kuwa, in da rai ana sayen wani. Bayan Basira hwa, a wace kasuwa za ni samo shi?”

Daga cikin ɗaki suka jiyo nishin Basira tana ƙoƙarin juyawa. Laraba ta tashi ta shiga. Ta ɗaga mata riga, ta ga doguwar shaidar ɗinki a gadon bayanta, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta mayar mata da rigar a hankali.

Da ta fito, da kanta ta taka kujera ta sauko da injin. Ta ajiye shi a ƙasa tana hararsa, ta ce, “To ina aka taɓa ma shi ya tashi?”

Laraba da ta zo da niyyar kwana ɗaya sai da ta yi sati tana dafa wa Basira abinci.

Haka aka ci gaba, wata da watanni. Basira ta bi dokar likita sau da ƙafa. Ta fara da takawa daga gado zuwa ƙofa, daga baya har zaure. Muzammilu bai daina tsokana ba, Abdulgani kuma bai daina shara ba.

Ranar da suka koma asibiti, likita ya duba hoton bayan, ya sa ta taka, ya sa ta juya. Ya cire tabarau ya ce, “Alhamdu lillahi, ƙashi ya kama. Da yawa sukan dawo mana aiki ya lalace, saboda sun koma wahalar gida tun ba su warke ba. Ke an kula da ke.”

Abdulgani ya fita harabar asibitin ya yi sujada a kan siminti, bai damu da masu kallo ba.

Ba a jima da dawowarsu ba, wata rana bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Muzammilu ne, ido ya faɗa, hula a karkace. Matarsa Adawiyya ta haifi tagwaye, ta hanyar aiki aka ciro su, kuma ɗinkin ya ba da matsala. An hana ta kowane irin motsi. Ga manyan yara suna ɓata ɗaki, ga mahaifiyarsa ta tsufa.

Ya yi ta kame-kame yana murza hannu. Daga ƙarshe ya ce, “Abdulgani, kunyarka nike ji. Jiya na iske ta duƙe tana gugar ɗaki, jini ya ɓata mata zane. Wanga abin naka... ko ana ba da aro?”

Duk dariyar da aka yi masa a majalisa ta dawo wa Abdulgani sabuwa. Ga dama ta samu, kalma ɗaya ta isa. Sai ya dubi idon abokinsa, ya ga irin tsoron da shi ma ya sha.

Ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Tashi mu tahi. Amma ka sani, ɗaki kawai yake iyawa. Tsakar gida sai kai.”

Muzammilu ya sunkuyar da kai ya ce, “Tun shekaranjiya nike yi.”

Daga cikin gida sai muryar Basira: “Malam, ku jira ni. Ni za ni kai mata.”

Ta fito sanye da hijabi, Lailatu na tafe riƙe da yatsanta. Abdulgani ya rungumo injin, Muzammilu ya ɗauko mazaunin cajinsa. Tun ranar hatsarin ba wanda ya ga Basira tana taka titin unguwar da ƙafarta, sai dai a ga an tallafo ta zuwa mota. Yau ga ta tana tafe a miƙe, babu sanda, babu mai riƙe ta.

Wata tsohuwa mai ƙosai ta ajiye matsami ta rangaɗa guɗa. Mata suka leƙo ta zaurukansu. “Basira ce! Wallahi Basira ce da ƙahwarta!” Yara suka biyo su a baya. Mutanen majalisa suka miƙe tsaye, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, “Abdulgani, ka ci riba. Allah shi yi maka albarka.”

A gidan Muzammilu, Basira ta zauna a bakin gadon Adawiyya, ta kama hannunta ta ɗora yatsanta a kan maɓallin. Injin ya yi ƙara ya kama aiki. Adawiyya ta fashe da kuka.

Basira ta karɓi ɗaya daga cikin tagwayen ta rungume, ta ce, “Ke dai kwanta ki warke, ƙawata. Ba ki da aikin da ya hi wanga.”

Darasi: Darajar kaya ba a tsadarsa take ba, tana ga wahalar da ya ɗauke wa wanda kake ƙauna. Abin da ya zama almubazzaranci a wani gida, a wani gidan magani ne, don haka kada ka yi wa mutum dariya alhali ba ka san abin da ke bayan ƙofarsa ba. Taimaka wa iyali ba ya rage wa namiji girma, kuma in wanda ya yi maka ba'a ya zo neman taimako, ka ba shi da hannu biyu. Ka tura wannan labari ga wani magidanci da ka sani, wataƙila akwai mai jinya a gidansa da ke jiran a tausaya mata.