Motar da Ta Yi Masa Kaɗan

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a unguwar Athlone. Ba zan kama sunansa ba, domin matarsa Galiema tana raye, kuma abin da ta sha ya ishe ta.

Mai gyaran wutar lantarki ne, ba ya rasa sahun farko a masallaci. Hannunsa yana da saurin gyara, yana da saurin mari. Maƙwabta sun shaida na farkon, bangon ɗakinsa ya shaida na biyun.

Yana da 'yar a-kori-kura mai tanti a kan rufi. Shekara goma sha biyu tana kai su dajin Namibiya da Botswana, tana dawo da su lafiya. Da ya ajiye aiki, sai ya ce ya gama zaman gari, mota ce za ta zama gidansu. Wannan ba laifi ba ne. An umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba. Sai dai shi ba dubawa zai je yi ba, so yake a dube shi.

Asalin ciwon a wani zangon matafiya ne. Wani Bajamushe ya faka ƙatuwar mota kusa da tasa, inuwarta ta rufe tantinsa ruf. Baƙon ya yi sallama, har ya miƙo masa shayi. Mutuminmu bai yafe masa shayin nan ba.

Wata shida yana zaɓe. Wannan tana da kicin amma babu banɗaki. Waccan tana da banɗaki amma ba ta kai ta Bajamushe tsawo ba. Daga ƙarshe ya samu tsohuwar motar kashe gobara da aka mayar gida, tan goma sha biyu, sai da tsani ake shigarta.

Yayan matarsa, Boeta Armien (Boeta na nufin ɗan'uwa a yarensu), bakanike ne a unguwar Salt River. Ya zagaya motar sau biyu, ya ce, "Boeta, masallacin Juma'a za ku buɗe a daji? Ku biyu ne fa. Ƙasa ba ta tambayar kuɗin mota, nauyinta take tambaya." Mutumin ya ce hassada ce irin ta mai wankin hannu da kananzir. Ya ce ƙaramar ta yi masa kaɗan, ko ƙafa ba ya iya miƙewa a cikinta.

Saura abin saye. Gidan da suke ciki na Galiema ne, gadon mahaifiyarta. Ta ce ba za ta sa hannu a sayar ba. Sai ya rufe ƙofar kicin, ya murɗe mata hannu a gefen tebur har ƙashi ya yi ƙara. Mutum ne mai lura: na hagu ya karya, domin da na dama ake sa hannu. A asibiti ta ce daga matakala ta faɗo. Gidan ba bene ba ne.

Aka sayar da gida, aka sayi babbar motar, Armien kuma ya sayi ƙaramar. Ba buƙatarta yake yi ba, abin da zai bi ƙanwarsa da shi yake nema. Da suka tashi tafiyar farko, yana bayansu yana shan ƙura.

Duk wanda ya taɓa barin kwalta ya san ƙa'ida. In ka iso rairayi, sai ka sauka, ka durƙusa, ka rage wa taya iska don ta baje. In ka iso fakon gishiri, sai ka bi sawun waɗanda suka riga ka, domin samansa ɓawo ne, ƙarƙashinsa taɓo. A bakin fakon Makgadikgadi Armien ya durƙusa yana rage iska. Mutuminmu ya leƙo daga sama ya ce irin wannan mota ba ta durƙusa wa ƙasa. Ya 'yan uwa, mai hura hanci ya taɓa yarda ya rage iska?

Sawun mutane ya yi kwana ta gefe. Shi ya yanke ta tsakiya, don farin fili ya fi kyau a hoto. Bai yi nisa ba ɓawon ya fashe. Ya taka totur, tayoyi suka haƙa wa kansu rami. Ya ƙara takawa, motar ta zauna a kan cikinta, baƙin taɓo mai wari ya kai ƙofa. Tsanin ma ya zama ba shi da amfani.

Laifin wa? Na mai riƙe da taswira, mana. Ya fizgo Galiema ta ɗankwali, ya buga kanta da ƙofa, ya jefo ta kan gishiri. Armien ya taho a guje. Mutumin ya ɗauki shebur ya sauke masa a kafaɗa. Ƙashin kafaɗa ya karye, gefen shebur ɗin ya tsaga masa kunne, jini ya zuba a kan farar ƙasa kamar an yi yanka.

Duk da haka, daga zaune, bakanike bai daina zama bakanike ba. Ya ce a haƙa, a sa jak da katako, ko a je ƙauye a nemo tarakta. Aikin kwana biyu ne. Mutumin ya ce ba zai kwana biyu a rami makiyaya suna wucewa suna yi masa dariya ba. Ya zaro igiyar fizga.

Igiyar nan miƙewa take yi kamar danƙo, ta tara ƙarfi, sannan ta fizgo motar da ta kafe. A jikin shasi, ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, ake ɗaura ta. Ba a taɓa rataya ta a ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota, wanda ake jan tirela da shi a kan kwalta. Mutuminmu da kansa ya sha yi wa wasu wannan lacca a bakin gashin nama. Amma ɗaurin shasi sai an kwanta a ƙarƙashin mota, cikin laka. Ƙwallo kuwa a tsaye ake rataya masa.

Ya rataya a ƙwallon ƙaramar motar.

Armien ya ce, "Boeta, don Allah ba a ƙwallo ba. Ka fi ni sani."

Ya ce, "Rufe mini baki, mai facin keke." Ya juya ga matarsa, tunda ya riga ya karya direban da yake da shi. "Shiga ƙaramar. Ki bar igiya ta yi sako-sako, sannan ki taka totur har ƙasa. In kika ɗaga ƙafar nan, ita ma na karya ta."

Ta goge jinin bakinta. Ta ce, "Har ƙasa?"

Ya ce, "Kurma ce ke?"

Ya hau kujerarsa mai tsawo, ya kama sitiyari, ya danna ham. Ta taka.

Igiya ta miƙe, ta ƙara miƙewa. Tan goma sha biyu bai motsa ba. Wuyan ƙwallon ne ya tsinke. Dunƙulen ƙarfe kamar lemo ya dawo da gudun harsashi, ya huda gilashin gaba, ya shiga ta bakin mutumin, ya fita ta ƙeya, ya fasa bangon bayansa, ya tsaya a cikin firji. Kansa, abin da ya rage, ya faɗa kan ham. Minti goma motar tana kuka a fili, kafin Armien ya rarrafa ya cire waya.

'Yan sanda suka rubuta hatsari, kuma hatsari ne. Kada wani ya fita daga nan yana zargin matar. Shekara ashirin da shida yana koya mata biyayya da hannunsa. Ranar nan ta yi abin da aka ce, daidai yadda aka ce.

To, me ya kashe shi? Ba ƙarfe ba ne, ƙarfe ɗan aike ne. Sau uku aka nemi ya sunkuya: gaban matar da ke da gida, gaban taya, da ƙarƙashin mota. Sau uku ya zaɓi tsayuwa. Zalunci irin igiyar nan ne. Kana ja, yana miƙewa, shiru, sai ka ɗauka ba shi da iyaka. Ƙarfi yake tarawa, kuma ya san hanyar gida. Wanda yake zaune a nan da wankakken kaftani, alhali a gidansa akwai mai faɗowa daga matakalar da babu, ya duba inda ya rataya tasa igiyar.

Babbar motar tana can har yau. Damina ta zo, taɓo ya haɗiye rabinta. Makiyaya kan huta a inuwarta.

Shi kuwa a bayan a-kori-kurar aka ɗauko shi, a naɗe cikin tantin rufi. Armien ya ce da suka shimfiɗa shi, ƙafafunsa sun miƙe sarai, har da sauran wuri.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya tsare iyalanmu daga hannayenmu, ya sa mu sunkuya da kanmu tun kafin a kwantar da mu. Amin.