Ranar Da Tara Ta Fi Goma

Akwai wani mai rubuta manhaja a birnin Semarang, sunansa Gilang. Gwani ne, amma ba ya jin shawara. Shi ya haɗa manhajar da ke kaɗa ƙararrawa a wayoyin mutanen bakin kogi idan ruwa ya taso.

Abokiyar aikinsa Ratri ke rubuta bayanin kowace sabuwar siga. A garinsu, "Mas" ake ce wa namiji, "Mbak" kuma mace, don girmamawa. Wata rana ta tsaya a teburinsa.

"Mas Gilang, yadda manhajar ke gwada lambar siga akwai gyara. Ɗaya bayan ɗaya take duba lambobin. Ranar da muka kai 1.10, za ta ga ɗaya a bayan ɗigo, ta ce 1.9 ce sabuwa."

Ya ja tsaki. "Mbak, ki ji da takardunki mana. Wa ma ke karanta su?"

Ta koma kan takardunta. Ta rubuta gargaɗin, har da mafita.

Damina ta kankama, sai aka gano ƙararrawar ba ta kaɗawa a wasu wayoyi. Gilang ya gyara, ya saki 1.10, ya tafi shan farfesun soto abinsa.

Kwana uku, ko waya ɗaya ba ta karɓi gyaran ba.

Safiyar Laraba hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kogi na ta hawa. Gilang ya kasa zaune ya kasa tsaye. Mahaifiyarsa a bakin kogin take. Ya kira ta sau shida, ba a ɗaga ba. Ya buɗe nan, ya rufe can, gumi na keto masa.

"Mbak Ratri..." Ya kira ta a kunyace.

Ta jawo kujera. "Ba lokacin kunya ba ne. Maida lambar sigar 2.0. Tsohuwar manhajar ta san biyu ta fi ɗaya. Sauran gyaran na shafi na bakwai na takarduna."

Ya yi yadda ta ce. Kafin azahar wayoyi suka fara karɓa, ƙararrawa ta tashi unguwa-unguwa.

Can sai ga kiran mahaifiyarsa.

"Muna benen masallaci, ɗana, har da maƙwabta. Kajina dai ruwa ya tafi da su."

Gilang ya kifa kai a tebur, ya yi ta kuka a gaban kowa.

Darasi: Iyawa ba ta hana kuskure, kuma wanda ka raina yau wataƙila shi ke riƙe da mafitarka gobe. Ku tura wa wanda kuka san ba ya jin gyara.