Duron da Sallau Ya Bi Ƙauye-Ƙauye

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, tun zamanin da masana'antu ke aiki ba dare ba rana. Sunansa Sallau. Ku saurara, jama'a. Kai ma da ke gyangyaɗi a jikin ginshiƙin can, buɗe idonka, da kai nake.

Sallau duro yake sayarwa. Idan kamfani ya juye abin da ke ciki, sai ya je ya sayo fankon ya jera a filinsa na bakin titi. Ga na ƙarfe, ga shuɗi na roba, ga ƙaton farin tankin nan mai kejin ƙarfe. Duk wanda ya zo saye, tambayarsa ɗaya ce: "Me za ka zuba?" Mai kalanzir, ya nuna masa na ƙarfe. Mai ruwan batir, ya ce, "Kul! Ruwan nan cin ƙarfe yake, ɗauki na roba."

To amma roba tana da wani mugun hali. Abin da ta taɓa sha ba ya barin jikinta. Ka wanke da sabulu, ka dirje da toka, ka shanya a rana, yana nan. Saboda haka Sallau yake yi musu alama da alli. Wanda ya fito daga kamfanin alewa, ruwan sukari ya ɗauko, sai ya zana masa da'ira, wannan na masu ruwan sha ne. Wanda ya ɗauko maganin feshin gona, sai ya ja masa layi, ba ya sayar da shi sai ga masu tara baƙin mai.

Wata rana da damina aka kwana ana ruwa. Gari ya waye alli ya wanke tas. Ga shuɗin duro biyu gefe da gefe, iri ɗaya sak, ɗaya na sukari ɗaya na guba. Ga Sallau da mura, hanci a toshe, ko wari ba ya ji.

Sai ga wani baƙauye ya yi sallama, fara'a har kunne.

"Malam, duro nake so na ruwa. Matata ta sauka, jibi suna. Mata sun gaji da zaryar rijiya."

"Masha Allah, Allah ya raya. Kada ka ɗauki na ƙarfe, tsatsa zai yi maka. Ga wannan."

Ya nuna na dama, don a saninsa na sukari a dama yake. Ya manta jiya da hadari ya taso shi da kansa ya janye su daga bakin kwata, ya sauya musu wuri. Aka ɗaure duro a bayan akori-kura, mutum ya tafi. Ko sunansa bai tambaya ba, balle garinsu.

Washegari da hantsi Sallau ya zo kan duron da ya rage, sai ya ga kiyashi sun yi layi suna hawa murfin. Ya matsa kusa ya duba. Kiyashi a kan guba? Ya buɗe, ya dangwala yatsa ya lasa. Zaƙi! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sukari ne ya rage. Na guba yana gidan mai jego.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Maƙwabcinsa Ilu mai walda ya leƙo, Sallau ya gaya masa.

Ilu ya ce, "Rufe bakinka! Wa ya sani? Ai za su wanke. Ka je ka tona wa kanka asiri, wa zai ƙara sayen duro a wurinka? In aka ce wani abu ya samu wani, ɗaure ka za a yi."

Ku ji fa! Irin wannan shawara ba ta ƙare ba, har yau tana nan, wataƙila tana zaune a cikin masallacin nan.

Sallau ya ce, "Ilu, jariri ne fa. Da ruwan nan za a dama wa uwarsa kunu."

Ko filin bai rufe ba ya nufi tasha da gudu. Ya tambayi 'yan kamasho, wannan ya ce bai gani ba, wancan ya ce shuɗin duro ai kullum ana lodawa. Da ƙyar wani direba ya ce, "Na sauke mai duro jiya a mararraba, amalanke ya hau da shi. Inda ya nufa kuma, oho."

Mararraba kuwa hanyoyi ne suka rabu, kowace da ƙauyukanta. Sallau ya shiga caɓi da ƙafa. Duk ƙauyen da ya isa, tambayarsa, "Ina ake suna gobe?" A nuna masa gida, ya je, ba nan ba ne. Rana tana tafiya. Duk macen da ya hango da tulu a ka, sai ya ce shi ke nan, ana cika duron. Azahar a kan kunyar gona ya yi ta, yana sujada yana kuka, yana cewa, "Ya Allah, kada su sha. Ni na yi, ka kama ni, kada su sha."

Sai bayan la'asar ya hango shi. Shuɗin duro a ƙofar wani gida, cike fal, wata mata ta ɗaga ƙwarya za ta ɗiba.

Ba sallama, ba komai. Ya kurma ihu, "Kada ki taɓa!" Ya sa kafaɗa ya ture duron, ruwan da mata suka wuni suna jawowa ya malale a ƙasa.

Maigidan ya fito, shi ne baƙauyen nan, Barau sunansa, ya ga abin da aka yi, ya kwaɗa masa mari. Ya ƙara masa. Sallau bai ɗaga hannu ba.

"Dake ni, Malam, na cancanta. Ni na sayar maka, guba ce a ciki. Don girman Allah, wa ya sha?"

Barau ya ce babu wanda ya sha, ruwan suna ne, yanzu za a fara jiƙa gero. Sai matar nan mai ƙwarya ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Iya Tabawa! Ita ta zura kai ciki ta wanke shi da safe. Tun ɗazu take amai, miyau na zuba, mun ce zazzaɓi ne."

Iya Tabawa mahaifiyar Barau ce. Sallau ya ce a fito da ita yanzu-yanzu. Aka ɗora ta a amalanke, shi yana turawa ta baya cikin taɓo har bakin titi. A asibiti aka tambayi me ta taɓa, ya tsaya gaban kowa ya faɗi sunan maganin, ya kuma faɗi cewa shi ya jawo. Tsohuwa ta sha wuya, amma ta tashi. Aka yi suna ba ta nan, aka raɗa wa yaro suna uwarsa na raye.

Shi kuwa Sallau, abin da Ilu ya faɗa ya faru. Labari ya bazu cewa ya sayar da duron guba, mutane suka daina zuwa filinsa. Ya daɗe yana ɗanɗana kuɗarsa. Bai taɓa cewa da ya sani ba.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Mutumin kirki ba shi ne wanda ba ya kuskure ba. Shi ne wanda idan ya gane kuskurensa zai cuci wani, yake tashi ya bi shi tun bai isa ba, ko da mutuncinsa ne zai zube. Kai makanike da ka tuna ba ka ɗaure birki da kyau ba, kai mai kyamis da ka gane ka ba da maganin da ya lalace, ke mai abinci da kika ji naman ya juya kika ƙara yaji, kada ku ce wa ya sani. Allah ya sani, kai ma ka sani. In akwai wani abu naka da ke kan hanya zuwa gidan wani yanzu haka, ana idar da salla ka ɗauki takalminka ka bi shi. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun da sauran lokaci.